Kwana 19 a Masarul Jadida

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni Alƙahira ba. Baffana na raka, ƙanin mahaifina, wanda ciwon gwiwa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har likita ya ce sai an yi aiki. Ni ne mai riƙon fasfo da jakar magani, ni ne ɗan aike, ni ne kuma mai shan faɗa idan shayi ya huce. Wani ɗalibin Azhar da aka haɗa mu da shi ta waya tun kafin mu taso, shi ya nemo mana gidan haya, ya ce ya zaɓi kusa da asibitin ne don kada cunkoso ya galabaitar da tsoho. Daga filin jirgi zuwa ƙofar gidan ko minti 20 ba mu yi ba. Da na tambaye shi sunan unguwar sai ya ce, “Yaya, a takarda Heliyofolis ce, amma da direban tasi ka ce Masarul Jadida. Kada ka kuskura ka ce Alƙahira Jadida, wannan wata unguwa ce daban can gabas, sai a kai ka inda ba a aike ka ba.” Mutanen ƙasar da “Masar” suke kiran babban birninsu, shi ya sa sunan unguwar yake nufin sabuwar Masar, duk da ta haura shekara 100 da kafuwa.

Gidan bene ne mai hawa 5, tsoho, rufin ɗakunansa ya yi nisa da kai har muryarka tana amsawa. Tagogin dogaye ne masu marfin katako, koren fentinsu ya koɗe. A tsakiyar matakala akwai lif, wani akwatin katako cikin kejin ƙarfe, sai ka ja ƙofofi biyu da hannunka ka rufe su ruf kafin ya yarda ya motsa. Idan wani ya sauka a hawa na 4 ya bar ƙofar a buɗe, kowa ya taka da ƙafa ke nan, sai an tsaya daga ƙasa ana ƙwala kira a rufe. Baffa ya ƙare masa kallo ranar farko ya ce, “Wannan ai sa'ana ne.” Ina jin ma ya girme shi.

Mai riƙe da ragamar gidan shi ne bawwab, wato mai gadin ƙofa. Namu dattijo ne mai jallabiya da rawani daga kudancin ƙasar, yankin da suke kira Sa'id, yana zaune da iyalinsa a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala. Shi ke wanke motoci da asuba, shi ke sharar matakala, shi ake aika sayen burodi, shi ke nemo mai gyaran famfo. Ya kuma san wanda ya shigo da wanda ya fita da ƙarfe nawa. Ɗalibin nan ya ja ni gefe ya ce in riƙa gaishe shi da “Ammu”, wato baffa a harshensu, in kuma riƙa ɗan sa masa wani abu a hannu lokaci zuwa lokaci, don wanda bawwab bai yarda da shi ba, zamansa a gidan ba zai yi daɗi ba. Na bi shawarar. Kafin mako ya zagayo har yana ajiye mana lif a ƙasa idan ya hango mu tafe daga asibiti.

Kwanakin farko a baranda na yi su, saboda ba a barin mara lafiya shi kaɗai. Daga nan na fara sanin unguwar, da kunne kafin ido. Da hantsi za ka ji ƙarar ƙarfe, ƙwan-ƙwan-ƙwan, mai sayar da tukunyar gas ne yake buga ta da sifana. Bayansa mai amalanke yana jan murya yana cewa “bikiya”, shi kuma tsofaffin kaya yake saye, daga mataccen firji har karyayyar kujera. Wata tsohuwa da ke benen da ke fuskantarmu ba ta taɓa saukowa a idona ba. Kwando take zurowa da igiya daga hawa na 3, da kuɗi da 'yar takarda a ciki, yaron kanti ya zuba mata abin da ta rubuta, ta janye a hankali. Wata rana kwandon ya maƙale a igiyar shanyar maƙwabciyarta ta ƙasa, sai da aka shafe rabin sa'a ana shawara daga baranda zuwa baranda kafin a ciro shi da sandar tsintsiya.

Sai da aka yi aikin lafiya, Baffa ya fara barci mai nauyi da rana, na samu na fita. Baƙo ko da ido makaho ne, don haka na bi kwatancen Ammu: in miƙe har in ga gine-gine masu rumfa, to na iso Korba.

Korba ita ce zuciyar tsohuwar unguwar, kuma a titin Bagadaza ne na gane cewa wurin nan da tunani aka zana shi. Gine-ginen masu hawa uku zuwa huɗu ne, launin yashi, da bakan gizo a kan tagogi da 'yan ƙubbobi a kusurwa kamar na masallatai. Benen sama ya turo kai ya rufe hanyar masu tafiya a ƙasa, ginshiƙai suna riƙe da shi, ta yadda za ka yi tafiya mai nisa tsakar rana, kana wuce kantin magani da shagon agogo da gidan shayi, rana ba ta taɓa ƙeyarka ba. Wanda ya san zafin garin nan zai san darajar wannan inuwa. Na zauna a wani gidan shayi ina kallon tsofaffi biyu suna buga dara irin tasu a kan allo, ba mai ce wa kowa uffan sai ƙarar 'ya'yan dara.

Abin mamaki, wanda ya assasa wurin ba Bamisire ba ne. Wani attajiri ne ɗan ƙasar Beljiyam, Edouard Empain, wanda aka fi sani da Baron, mutumin da ya yi arziki da harkar jiragen ƙasa da lantarki, har da hannunsa a gina jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Faris. A 1905 shi da abokin hulɗarsa Boghos Nubar, ɗan tsohon firaminista Nubar Pasha, suka sayi fili wajen murabba'in kilomita 25 a hamada, kimanin kilomita 10 arewa maso gabas da tsakiyar Alƙahira. Babu ruwa, babu itace, babu kowa. Dabarar ɗan kasuwa ce tsantsa: ka sayi yashi da araha, ka shimfiɗa masa layin tiram, wato ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki da ke bin titi, sai yashin ya zama fuloti. A 1906 suka kafa kamfani, kamfanin ya ja ruwa da wuta, ya shimfiɗa tituna masu faɗi da lambuna a tsakiyarsu, ya gina gidaje ya ba da haya ya kuma sayar. Sunan Korba ma daga kalmar Faransanci ta “lanƙwasa” ya samo asali, saboda a nan layin tiram yake shan kwana. Shi kuwa sunan Heliyofolis, birnin rana, aro aka yi daga wani tsohon birni na zamanin Fir'auna, wanda kufansa yake Matariyya, ba nisa da nan.

Kada dai a ɗauka Baron waliyyi ne. Kowa da inda ya ajiye shi. Manyan gidaje masu lambu na masu hannu da shuni ne, benaye masu rumfa na ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa, su kuma leburori da barori aka yi musu nasu ƙananan gidajen can gefe, inda ba za su tsone wa kowa ido ba. Har yau idan kana tafiya a ƙasa kana iya jin inda unguwar ta canza riga: titi ya tsuke, bishiya ta ragu, shanya ta ƙaru.

Gidan Baron na kansa yana bakin titin Uruba, hanyar zuwa filin jirgi, kuma mun wuce shi daren da muka sauka ban san ko mene ne ba. Wani Bafaranshe mai zanen gine-gine, Alexandre Marcel, ya tsara shi da siffar wurin bautar Hindu, aka gina shi da kankare tsakanin 1907 da 1911. Jikinsa duk sassaƙe ne, giwaye da macizai da gumaka, launinsa ja-ja kamar ƙasar tukwane. Ya yi shekaru a kulle, jemagu suka gaje shi, mutanen gari suka yi ta ƙirƙira masa labarai: wai aljanu na kunna fitila da dare, wai hasumiyarsa tana juyawa tana bin rana. An gyara shi an buɗe wa jama'a a 2020. Na biya kuɗin shiga na hau matakalar da ke murɗewa har rufin, na tsaya ina kallon motoci suna zuba a ƙasa kamar ruwa. A ganina ginin ya fi ban mamaki a kan kyau, irin abin da mai kuɗi ke yi ne don a san ya iso. Abin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin lambun gidan: tarago ɗaya na tsohon tiram, an yi masa fenti an girke shi, yara suna hawa ana ɗaukarsu hoto. A duk zamana a unguwar shi ne tiram ɗaya tilo da na gani.

Baron ya rasu a 1929, an kuma binne shi a cikin babbar cocin da ke ƙarshen titin Ahram, wadda mutanen unguwa ke kira Bazilik. Unguwar ta tara jinsi iri-iri tun farkonta, Misirawa Musulmi da Kibɗawa, Armeniyawa, Girkawa, 'yan Sham, Yahudawa, shi ya sa a tafiyar minti 15 za ka wuce masallaci da coci biyu ko uku na ɗariƙu daban-daban. Da yawa daga baƙin sun watse bayan juyin mulkin 1952, kamfanin kuma gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta karɓe shi. Shi kansa Nasir a Manshiyyatul Bakri ya zauna, a bakin unguwar, gidansa yanzu gidan tarihi ne. Akwai kuma wata doguwar katanga da ɗalibin nan ya gargaɗe ni a kanta tun ranar farko: “Yaya, idan ka zo nan wayarka ta zauna a aljihu.” A bayanta akwai ginin da aka buɗe a 1910 a matsayin babban otal mai ɗaki 400, ya zama asibitin sojoji lokacin yaƙin duniya na farko, daga baya ya koma fadar shugaban ƙasa, Ittihadiyya. Na wuce ta sau da yawa, kaina a ƙasa.

A kwana na 12 likita ya ce Baffa ya fara takawa, kullum a ƙara nisa. Ranar farko iyakarmu ƙarshen layi. Rana ta uku ya ce shi masallaci zai je ya yi la'asar cikin jama'a, ya gaji da sallar zaune shi kaɗai. Masallacin muna hango hasumiyarsa daga baranda, bai fi taku 300 ba, sai dai yana ƙetaren babban titi.

Titin nan layi biyar ne a kowane hannu, ko shida, ya danganta da yadda direbobi suka ga dama. Babu fitilar tsayawa, babu zanen tsallakawa, a sama kuma gada ce ta bi ta kanmu tana ruri. Muka tsaya a baki, Baffa da sandarsa ta ƙarfe mai ƙafa huɗu, ni riƙe da gwiwar hannunsa. Minti biyar, minti goma. Da na ga 'yar kafa sai in ce “Bismillah”, kafin ya ɗaga sandar kafar ta rufe. Mutanen gari kuwa sai su zo su faɗa cikin motocin kamar masu shiga kogi, su tsaya a tsakiya mota ta goge rigarsu, su ƙara gaba. Baffa ya ce, “Kai, mu koma. Ban baro gida da ƙafa ɗaya don in koma a akwati ba.” Muna shirin juyawa sai ga wani saurayi da jakar makaranta, bai tambaye mu komai ba, ya kama ɗaya hannun Baffa, ya ɗaga tafinsa sama ya shiga titi. Haka muka ratsa layi-layi, tayoyi suna ƙara, wani direban bas ya leƙo yana faɗa, saurayin yana mayar masa. Da muka kai tsakiya na lura inda muke tsaye ɗan siririn kankare ne, faɗinsa bai wuce taku ɗaya ba. Muka isa an riga an yi raka'a biyu. Dawowa kuwa tasi muka hau, ta yi zagayen kusan kilomita biyu kafin ta sami wurin juyawa ta sauke mu a ƙofar gidan da muke hangowa tun daga masallaci.

Da daddare na ba maƙwabcinmu na hawa na 2 labari. Tsohon injiniya ne da ya yi ritaya, a gidan aka haife shi, kuma yana da haƙurin saurarar Larabcina na makarantar allo da Islamiyya, wanda yake sa yaran unguwa dariya don sun ce ina magana kamar mai karanta labarai. Ya jawo ni barandarsa ya nuna titin da hannu. Ya ce wancan siririn kankaren da muka tsaya a kai, a da lambu ne mai faɗi, da manyan bishiyoyi jere biyu, layin tiram ya ratsa tsakiyarsu. Da shi ya je makaranta, da shi ya je aiki har Ramsis a tsakiyar gari. Tiram ɗin ya daɗe yana mutuwa a hankali, ba gyara, ba sababbin taragai, har mutane suka daina dogaro da shi. Sai a 2019 zuwa 2020 aka zo da manyan motoci, cikin 'yan watanni aka tumɓuke ragowar layin, aka sare bishiyoyi, aka faɗaɗa tituna, aka kafa gadojin sama a manyan mahaɗu. Dalilin a bayyane yake: gari ya bunƙasa ta gabas, ga sababbin unguwanni, ga sabon birnin mulki da aka sanar da gina shi a 2015, kusan kilomita 45 cikin hamada, kuma duk mai zuwa can daga tsakiyar gari sai ya bi ta kansu. Ya ce, “Ya ibni, da mu ne ƙarshen hanya. Yanzu mu ne hanyar.”

Na ce masa ai an ba su jirgin ƙarƙashin ƙasa. Gaskiya ne kuwa, layi na 3 ya ratsa unguwar, akwai tasha a Ahram da Harun da wasu wuraren, na hau shi sau da dama, yana da tsabta da sauri, ya fi tiram nesa ba kusa ba. Ya yarda da haka. Ya ce matsalarsa ita ce yadda zai kai kansa bakin tashar da ƙafafun ɗan shekara 70 da ɗoriya. Da na tuna abin da ya same mu da la'asar sai na yi shiru.

Akwai wani abin da ya fi titi hana shi barci. Gidan da yake ciki haya ce irin ta tsohon tsari, wadda doka ta daskarar da kuɗinta tun zamanin Nasir, ɗa kuma yana iya gadon ta daga uba. Shekara da shekaru abin da yake biya a wata bai kai kuɗin abincin rana ɗaya ba, alhali mu da muke samansa da hawa biyu, a ɗaki iri ɗaya, muna biyan kuɗin kasuwa, domin tun 1996 sabuwar yarjejeniya ba ta shiga wancan tsari. Nan na gane dalilin da ya sa lif ɗinmu ya tsufa haka, bangon matakala yake ɓarewa: mai gidan da ba ya samun komai ba zai sayi fenti ba, wani ma addu'a yake ginin ya rushe ya sayar da filin a kafa dogon bene. A Nuwamban 2024 kotun tsarin mulki ta ce daskarar da kuɗin haya har abada ya saɓa wa tsarin mulki, a 2025 kuma aka yi dokar da ta ƙara kuɗin, ta ba masu zaman gidajen shekara 7 kafin tsohuwar yarjejeniya ta ƙare. Na tausaya masa, na kuma kasa ganin laifin mai gidan. Shi dai ya ɗaga kafaɗa ya ce shekara 7 tana da yawa ga mai shekarunsa, wataƙila Mai Sama ya riga mai gida ba shi notis. Ya yi dariya, ya ƙara mini shayi.

Safiyar Juma'a ita ce lokacin da na fi so. Ranar hutu ce, gari yana barci har hantsi, titunan da ke ruri duk mako sai su yi tsit. Ranar ne na taka daga gidanmu har dandalin Roksi, na zaga ta lambun Merryland, wanda a zamanin Baron filin sukuwar dawaki ne, na dawo ta ƙananan layuka inda bishiyoyi suka tsira, rassansu sun haɗe a sama, kyanwoyi suna kwance a kan motoci. Ba wanda ya yi mini ham. A wani layi na tarar da wani bawwab ya fito da kujera da rediyo yana sauraren karatun Alƙur'ani, yana yayyafa ruwa a ƙofar gida don ƙura ta kwanta. A wannan sa'a ɗaya ko biyu mutum yana iya ganin unguwar yadda aka nufa ta kasance.

Ranar tafiya jirginmu na yamma ne, kuma mun makara, saboda Baffa ya dage sai ya yi sallama da kowa: Ammu da matarsa, injiniya, yaron kanti, har tsohuwar kwando ya ɗaga wa sanda daga ƙasa ta ɗago masa hannu. Na shiga tasi gabana yana faɗuwa. Direban ya dubi agogo ya ce kada in damu, ya hau gadar farko, ya sauka, ya hau ta biyu, ko birki bai taka ba. A kan ta biyun ne na waiga, sai ga mu daidai da barandar wani gida hawa na 3, kusa har ina ganin zanen furannin da ke jikin labulen. Wata mata tana shanya rigar yaro, bakinta riƙe da maƙalin shanya, ba ta ko kalle mu ba. Minti 11 muka yi zuwa filin jirgi. Baffa ya gyara zaman ƙafarsa ya ce, “Ka ga hanya, kai kuma kana ta kushe ta.”